Yadda Ake Koyon Jifa da Injin Fatsa na Betkasta

Masu fatsa a Nima da Madina da Ashaiman sun fara samun injin naɗe zare irin na betkasta, galibi na hannu. Da yawa sukan jefa sau biyu, zare ya cukurkuɗe, su cusa injin ƙarƙashin gado. Injin lafiyarsa lau. Saiti ne ba a yi ba, babban yatsa kuma bai koyi aikinsa ba.

Shi wannan injin a saman sanda yake zama, kuma kwarkwaronsa, wato abin da zare ke naɗuwa a kai, da kansa yake juyawa idan ka yi jifa. Dalmar da ke bakin zare tana rage gudu a iska, shi kuwa kwarkwaro bai san da haka ba, yana ta aman zaren da babu mai jansa. Nan cukurkuɗewa take fitowa. Duk abin da za ka koya hanya ce ta hana kwarkwaro wuce dalma gudu.

Fara da zaren roba mai kaurin milimita 0.30 zuwa 0.35. Bar zaren saƙa tukuna: yana da tsada, kuma idan ya nutse cikin kansa sai wuƙa. Kada ka cika kwarkwaro maƙil, bar kamar milimita 3 daga baki. Ɗaura dalma mai nauyin giram 10 zuwa 14, ba ƙugiya. Wadda ta gaza haka ba ta iya jan kwarkwaro yadda ya kamata a hannun ɗan koyo. Sanda mai tsawon mita 2 ta isa.

Ga dabarar da ke ceton zare: ja mita 30 waje, manna salatif ɗin masu gyaran wuta a kan abin da ya rage a kwarkwaro, sannan ka naɗe. Ko ya cukurkuɗe, ba zai wuce salatif ɗin ba.

Saiti biyu ne. Na farko ɗan murfin da ke kusa da hannun naɗi. Matse shi, ɗaga bakin sanda sama kaɗan, danna maɓallin saki, sannan ka dinga sassautawa har dalma ta fara sauka a hankali. Idan ta taɓa ƙasa kwarkwaro ya tsaya cak, ka dace. Idan ya ƙara juyi, ƙara matsewa. Duk lokacin da ka canza nauyi, sake wannan. Na biyu birki ne, a ɗaya gefen. Na kamfanin Daiwa yawanci maganaɗisu ne mai lamba a waje. Na kamfanin Shimano da dama sai ka buɗe murfin gefe ka kunna ƙananan fil. Sa birkin kusan ƙarshen ƙarfinsa. Nisa zai ragu, kada hakan ya dame ka yanzu.

Kada ka fara a bakin ruwa. Nemi filin ƙwallo da safe, ka ajiye bokiti a mita 10. Bar dalma ta yi lilo santimita 25 ƙasa da bakin sanda. Ɗora babban yatsa a kan zare, danna maɓalli, juya hannunka yadda hannun injin zai kalli sama. Jefa ta gefe, daidai ƙugu, a tsanake. Sanda ce ke jifa, ba kafaɗa ba. Idan kai na-dama ne kuma dalma tana karkata hagu, ka makara wajen ɗaga yatsa. Idan dama ta yi, ka yi gaggawa. Yayin da take tafiya, yatsa ya dinga shafar zare sama-sama, kuma dab da faɗuwarta ka danne kwarkwaro gaba ɗaya. Wannan dannewar ita ce rabin karatun, ka yi ta har hannu ya daina jiran umarni. Sai jifa goma ta fita lafiya a jere za ka rage birki da lamba ɗaya.

Idan ya cukurkuɗe, kada ka fizga, fizga ce ke mai da shi ƙulli. Ja zare a hankali har ya tsaya. Matse abin nan mai siffar tauraro da ke gindin hannun naɗi, danne wurin da yatsa da ƙarfi, juya hannu sau biyu, danna maɓallin saki ka sake ja. In ya ƙi, nemo madaukin da ya hau kan zaren ka ɗago shi da tsinken sakace. Bayan an gama ka tuna ka sassauta tauraron.

Iska ma abin lura ce. A Accra iskar teku takan tashi da rana, jifa cikin fuskarta kuwa na tsayar da dalma nan take. Ba ta baya, ko ka ƙara birki lamba biyu.

Ga karfasa da ƙaramar ƙugiya da tana, wannan injin ba shi ne ba. Wurinsa inda ake jefa kifin roba mai nauyi, kamar Ada, inda kogin Volta ke shiga teku. Ruwan can da gishiri, don haka da ka dawo ka ɗauraye injin da ruwan famfo marar ƙarfi, ka bar shi ya bushe a inuwa, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya kan kowane boris na kwarkwaro. Mai da yawa na rage masa gudu.