Yadda na gyara giyar keken hawan dutse da ke tsallake

Kaca tana ta tsallake haƙora a giyoyin tsakiya, musamman idan na danna feda da ƙarfi a kan hawa. Na wanke ta na sa mai, ban ga canji ba. Na gwada ta da ma'aunin lalacewar kaca, miƙewarta ba ta kai kashi 0.5 cikin ɗari ba, wato da sauranta. Na juya abin ɗaure wayar giya, sai giya ɗaya ta daidaita, wata ta lalace.

Ashe ɗan ƙarfen nan da ke riƙe da mai canja giya na baya ne ya lanƙwashe ciki, tun ranar da keken ya faɗi ta gefen dama. Ido ba ya ganin wannan lanƙwasa.

Na kwance mai canja giyar da makulli mai kusurwa shida na milimita 5, na ɗaura ƙarfen auna daidaito a ramin ɗan ƙarfen da ya lanƙwashe. Na auna tazara zuwa bakin wili a sama, ƙasa, gaba da baya, ina juya tayar don in riƙa aunawa a wajen bawul kawai. Na miƙe ɗan ƙarfen a hankali, domin alminiyom ne, yana iya karyewa, har bambancin ya koma ƙasa da milimita 4.

Na mayar da komai, na daidaita kusoshin H da L masu iyakance tafiyar mai canja giya, na ƙara wa waya rubu'in juyi. Alhamdulillahi, giya 12 duk suna shiga sumul.