Kafin ka sayi wagon mai shan dizal a Ingila

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san Fijo 504 wagon, haɗin Kaduna, wadda ke kwashe iyali da buhunan hatsi da ragon Sallah a sawu ɗaya. Shi ya sa da zarar iyali sun iso Ingila, idon maigida kan faɗa kan irinta: mota mai dogon baya, kamar Skoda Octavia, Volkswagen Passat, Ford Mondeo ko Peugeot 308 SW. But ɗinsu na cin keken jariri da cefanen wata guda, har da akwatunan baƙon da ka ɗauko daga filin jirgi. A kasuwar motocin hannu za ka tarar da masu shan dizal, wanda muke kira gas a gida, jibge, ga sauƙin kuɗi. To, ɗan'uwa, araha ba ta ado.

Kafin ka dubi mota, dubi zirga-zirgarka. Motocin dizal na wannan zamani suna da wata matata a cikin salansa, ana ce mata DPF, mai tare baƙin hayaƙi. Ba ta wanke kanta sai inji ya yi zafi sosai, wato sai an yi tafiya mai ɗan nisa a babbar hanya da gudu daidai. In kuwa aikin motar kai yara makaranta ne, da masallaci, da kanti, mil biyu zuwa uku a kashe inji, toka za ta yi ta taruwa har matatar ta toshe. Haka ta faru da motata ta farko. Wanda ya sayar mini bai tambaye ni inda zan riƙa zuwa ba, cikin 'yan watanni fitila ta kama a gaban sitiyari, ƙarfin motar ya ragu, bakanike ya karɓi ɗaruruwan fam a lokacin da muke lissafin kuɗin haya. Wani zai ce maka a cire matatar kawai a huta. Kada ka yarda. Laifi ne a doka, kuma tun 2014 motar da aka cire wa ita ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT.

Saboda haka, in kana cin dogon zango kullum, a ce daga Leicester zuwa Birmingham wurin aiki, dizal zai rage maka kuɗin mai ƙwarai. In a cikin unguwa rayuwarku take, nemi wagon mai fetur.

Sai shekarar motar. Tun 29 ga Agusta 2023 dokar ULEZ, ta rage hayaƙin mota, ta game dukkan unguwannin Landan: motar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta hau titi. Galibi waɗanda aka yi wa rajista bayan Satumba 2015 ne suka tsira. Tsakiyar Birmingham fam 8 ne a rana, Bristol fam 9. Dalilin da ya sa dizal ɗin 2012 ke da arha ke nan, masu su ne ke gudun su. Sa lambar motar a shafin TfL, hukumar sufurin Landan, ka tabbatar da idonka, kada ka tsaya kan maganar dillali.

Mata su suka fi lura da batun kujeru, kuma gaskiyarsu. Yaro sai ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 kafin ya rabu da kujerar yara. Wagon na da girman but, amma kujerun yara uku ba su cika shiga bayanta a jere ba. In 'ya'yanku ƙanana uku ne, ku tafi da kujerun wurin mai mota ku gwada kafin a yi maganar kuɗi.

Tarihin MOT kyauta ne a shafin gwamnati, da lambar mota kaɗai za ka ga milolin da ta ci kowace shekara da laifuffukan da aka gano. Biya ɗan kuɗi a bincika ko akwai bashin banki a kanta, ko ta taɓa haɗarin da inshora ta soke ta. Nemi takardar rajistar motar, wato V5C, da rasitan sabis, ka tambayi yaushe aka canza bel ɗin inji. Dillali mai rajista ya fi tsada, amma dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota in ta fito da aibi. Mai sayarwa a ƙofar gidansa ba ya cikin wannan.

Tambayi kuɗin inshora tun kafin ka biya, don sabon zuwa na shan tsada. Harajin hanya ba ya bin mota zuwa hannun sabon mai ita, sai ka biya naka kafin ka tayar da ita. Lasin Najeriya ko Nijar kuma wata 12 kacal yake yi maka daga ranar da ka zama mazauni, don haka ka nemi ranar jarrabawar tuƙi tun yanzu, layin yana da tsawo.