In an nuna maka wariya ko an jawo maka asara, ga ta inda ake bi zuwa kotu

Bara aka sallami wata ƙanwata daga makarantar kuɗi da take koyarwa nan Gusau bayan cikinta ya fito, ba takarda ba komai, hedimasta kawai ya kira ta ofis ya ce ta je gida ta huta za a neme ta. Abin da ya riƙe maganarta shi ne saƙon WhatsApp da ya turo daga baya yana cewa ba za su iya da mai ciki ba, Allah ya sa ba ta goge ba. To daga nan ake farawa, kafin ka je wurin lauya ka tattara komai, takardar ɗaukar aiki, alat na albashi, sunan wanda ke wurin lokacin da aka faɗa maka maganar, kuma don Allah kada ka sayar da wayar, don sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar a yi bayanin na'urar da saƙon ya fito kafin alƙali ya karɓa.

Sai kuma ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, mutum ya yi shekara yana sintiri ƙarshe a ce kotun ba ta da hurumi. In maganar wurin aiki ce, kora ko hana ƙarin girma saboda jinsi ko addini ko ƙabila, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da ita, sashe na 254C na kundin tsarin mulki ya ba ta. In kuwa wata hukuma ce ta hana ka abu don wai kai ba ɗan asalin wuri ba ne, sashe na 42 ya haramta hakan, kuma sashe na 46 ya ba ka dama ka tafi Babbar Kotu kai tsaye. Masu buƙata ta musamman ma suna da dokarsu ta 2018, in aka nuna musu wariya akwai tarar naira miliyan 1 ga kamfani, mutum ɗaya kuwa dubu 100 ko wata 6 a gidan yari ko duka biyun.

Ka sani fa, jin haushi kaɗai bai isa ba. Alƙali zai so ya ga wani mai matsayi irin naka da aka yi wa daban, su kuma za su kawo nasu dalilin, su ce ai kana makara ko aikinka bai da kyau, sai ka nuna ba a taɓa ba ka takardar gargaɗi ba.

Maganar diyya ta ɗan bambanta. A ce motar kamfani ta buge ka kana kan mashin a hanyar Ƙaura Namoda, kotu za ta duba ko direban ya yi sakaci, ko sakacin ne ya jawo raunin, da nawa ka yi asara. Kada ka tsaya kan direba shi kaɗai wanda bai da ko sisi, in a bakin aiki yake, ubangidansa ma yana ciki, a haɗa su duka. Rahoton 'yan sanda, takardar likita, rasit ɗin magani ko na ɗari biyar ne ka adana, hoton mashin kafin a kai gareji. In kai ma da naka laifin za a iya rage maka kuɗin. Tsakanin Musulmi biyu da yawa sun fi son kotun shari'a, can ma dai hujja na kan mai da'awa rantsuwa na kan mai musu, sai ka taho da shaidunka.

Lokaci kuma kada ka yi wasa da shi, in jami'in gwamnati ko ma'aikatar gwamnati za ka kai ƙara akwai dokar da ta sa wa'adin wata 3 a shari'o'i da yawa. Wanda bai da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. In dattawa suka shiga tsakani aka yi sulhu babu laifi, amma a rubuta adadin kuɗin da ranar biya, kowa ya sa hannu, in ƙarar na gaban alƙali a kai masa ya mayar da ita hukunci.