Yadda Ake Dafa Kaza da Miyar Mastad da Kirim a Tukunyar Lantarki Mai Dafawa a Hankali

Duk wadda ta taɓa yin awara ta san abin da ruwan tsami ke yi wa madarar waken suya. To, haka kirim, wato maiƙon madara na girki, ke tsinkewa a wannan girkin idan aka zuba shi tun farko. Mastad, wato kwaɓin nan mai ɗan yaji da tsami da ake sayarwa a kwalba, akwai ruwan khal a cikinsa, ga kuma zafin awa biyar ko shida. Ni kaina ranar da na fara, da na buɗe tukunya sai na tarar da gudaji-gudaji suna yawo a kan mai. Na koya wa mutum uku tun daga lokacin, biyu sun maimaita kuskuren nan duk da na ja musu kunne.

Uwargida ki tanadi cinyoyin kaza 8, albasa 2, tafarnuwa ƙwaya 4, mastad cokali 3 na cin abinci, romon kaza rabin kofi, kirim na girki mililita 200, kwanfulawa cokali 1, tayim, masoro da dunƙule ɗaya. Cinya nake so, ban da ƙirji, don ƙirji bushewa yake yi ya zama kamar igiya. Mastad kuma ki nemi na Dijon, mai sunan wani gari a Faransa. Wannan rawayan na Amurka da ake matsawa a burodi bai da ƙarfin da ake so. Da tsada kam, amma kwalba ɗaya za ta yi miki girki da yawa.

Ki shafa wa kazar gishiri da masoro, ki soya ta sama-sama a kasko har fatar ta yi ja. Tukunyar nan, wadda wasu ke kira Crock-Pot, ba ta soya komai, in kin tsallake wannan mataki kazarki za ta fito fara fat. Kada kuma ki saka ta da ƙanƙara a jikinta, sai ta saki tukuna.

Ki shimfiɗa albasa da tafarnuwa a ƙasan tukunya, ki jera kazar a kai. Ki dama mastad cokali 2 a cikin romon da tayim da dunƙule, ki kwarara. Rabin kofin nan ya isa, ko da idonki ya raina shi. Tururi ba ya fita daga wannan tukunya, kaza da albasa kuma za su zubo da nasu ruwan. Ki rufe, ki sa a ƙaramar wuta awa 5 zuwa 6, ko babbar wuta awa 3. Kazar gida tana iya kai awa 8. Ki daina leƙawa, kowace buɗewa ƙara miki lokaci take yi. In an ɗauke wuta, ki juye a wata tukunya ki ƙarasa a kan gas, kada ki bar nama da ɗumi-ɗumi kina jira.

Sai batun kirim. Saura minti 20 ki sauke, ki tsame kazar ki ajiye gefe, ki kwashe man da ya taso. Kirim ɗin ya zama kin fito da shi daga firji tun ɗazu. Ki zuba shi a kwano, ki dama kwanfulawar a ciki, ki ɗebo ludayi ɗaya na romo mai zafi ki riƙa tsiyayawa kina juyawa, sannan ki mayar da duka cikin tukunyar. Kwanfulawar ce ke riƙe shi, ita ce kuma ke ba miyar kauri. Madarar gwangwani ta ruwa tana iya maye gurbin kirim in aljihu ya ƙi, sai dai ba ta kai shi maiƙo ba.

Yanzu ne za ki saka cokalin mastad ɗin da kika rage, don dogon dahuwa yana kashe masa kaifi. Ki mayar da kazar, ki bar murfi a buɗe har miyar ta kama bayan cokali. Mai ma'aunin zafi ta duba cikin naman ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius. Ki ɗanɗana gishiri, ki zuba a kan farar shinkafa ko dafaffen dankalin turawa.