Tsara hanyar ƙaramin jirgin sama daga Kano zuwa Jos bisa yanayi

Masu koyon tuƙin jirgi sun yi ta tambayar yadda ake tsara wannan tafiya bisa yanayi, to ga matakan:

1. Zana hanyar a taswira.

2. Karɓi rahoton METAR (yanayin da ake ciki a filin jirgi) da TAF (hasashen yanayin filin) na Kano da Jos daga NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya.

3. Duba nisan gani. Daga Nuwamba zuwa Maris, hazon hunturu daga Chadi kan lulluɓe Kano. In nisan ganin bai kai kilomita 5 ba, kada ka tashi da dogaro ga ido.

Hattara: sama kan yi garau a kanka, alhali titin sauka ya ɓace a ƙura. Nan ake yawan ruɗuwa.

4. Lissafa iskar arewa maso gabas, don tana karkatar da jirgi.

5. In damina ce, sa tashinka da sassafe. Hadari ya fi haɗuwa bayan azahar, daga gabas yake tasowa. Kada ka ratsa shi, kewaye shi da nisa.

6. Lissafa tsawon titin da za ka buƙata a Jos. Filin yana kan tudu da ya haura mita 1,200 sama da teku, ga zafin rana, injin kan rage ƙarfi.

7. Zaɓi filin ko-ta-kwana da za ka sauka in Jos ta gagara, kamar Kaduna.

8. Ƙara man da zai kai ka can.

9. Sake duba rahoton kafin ka kunna injin.