Yadda ake gane tsohon tangaran ɗin Delft kafin a saya

Kada ka fara da tambarin da ke gindin kaya. Shi ne abin da masu jabu suka fi kwaikwaya, kuma tsofaffin kayan Delft da dama ba su da shi sam. Jikin kayan za ka fara dubawa.

Delft na ƙarni na 17 da na 18, wanda aka yi a birnin Delft na ƙasar Holan, yumɓu ne marar ƙwari da aka lulluɓe da farin ƙyalli mai haɗe da kuza, don ya yi kama da tangaran ɗin Sin. Shi ya sa bakinsa ke ɓantarewa. Nemi inda ya ɓantare, ka sa gilashin ƙara girma mai ninki 10. Yumɓun ciki ya kamata ya zama rawaya-rawaya ko ruwan ƙasa. In fari ne fat, aikin baya-bayan nan ne. In faranti ne, kifa shi. Sau da yawa za ka ga ƙananan tabo uku a bayan bakinsa, inda aka tokare shi lokacin gashi. Farantin da aka ce ya shekara 300 amma babu ko ƙwarzane a jikinsa, a yi hattara da shi.

Sai zanen. Na hannu yana nuna sawun buroshi, shuɗin ya yi kauri a nan, ya dushe a can. Ɗige-ɗige jere reras kuwa bugun inji ne.

Yanzu ka koma kan tambari. Haruffan AK na Adrianus Kocx ne na masana'antar De Grieksche A, kuma an sha yin jabunsu. Masana'antar De Porceleyne Fles, wadda aka kafa a 1653, tun 1879 take sa hoton ƙaramin tulu da haruffan JT da harafin shekara, A na nufin 1879. Duk abin da aka rubuta wa "Made in Holland" ba na waɗancan ƙarnoni ba ne.

Gyara ma kan ɓuya. Haska fitilar UV (irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita) a cikin duhu, gam da sabon fenti sukan fito da wani launi dabam.

In ka saya, kada ka jiƙa shi. Yumɓun na shan ruwa ta inda ya tsage, in yana bushewa gishirin da ke ciki ya tunkuɗo ƙyallin ya ɓare. Buroshi mai laushi ya isa. Maratayin waya mai matse baki yana cin gefen faranti, gara ka jingina shi a kan matokarin katako mai shimfiɗar ƙyalle.