Yadda ake haɗa baje kolin gine-gine a unguwa har mutane su tanka

A Zariya in aka ce baje kolin zanen gini hankalin kowa Samaru yake tafiya, wato ɗaliban ABU su jera zane a bango, malamai su zagaya su ba da maki a watse. To amma mutumin da ruwan kwata ke shiga zaurensa duk damina a Tudun Wada bai ma san an yi ba, alhali ya fi kowa abin faɗa. A birnin Benis na Italiya tun 1980 suke irin wannan taro, kuma a 2023 can aka karrama Demas Nwoko, mai zanen gine-gine ɗan Najeriya, wanda a nan Zariya ya yi karatu. Namu ba sai ya kai nan ba, ga yadda za ka haɗa ɗan ƙarami a unguwarku.

Da farko ka zaɓi magana ɗaya tak, kuma wadda ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Kar ka ce "makomar birnin Zazzau", wallahi ba mai zuwa. Ka ce ganuwar da ake yanka ana gini a kanta daga Ƙofar Gayan zuwa Ƙofar Kuyambana, a bari ko a hana? Ko ka ce me ya sa ɗakin bulo da kwano yake zama tanderu a watan Afrilu amma soron kakanka da sanyi? Tambayar da in ka jefa ta a majalisar mai shayi za a rabu gida biyu, ita kake nema.

Sai wuri. Ƙofar gidan mai unguwa, filin firamare ranar Asabar, ko gefen masallaci bayan an sauko Juma'a, inda dai mutum zai faɗo ba tare da ya sake riga ba. Ka fara zuwa wajen mai unguwa ka gaishe shi ka faɗa masa komai, in ka tsallake shi ka jawo wa kanka.

Kayan da za a baje nan ne aikin yake, kuma nan 'yan boko suke ɓata abin. Zanen da ake yi daga sama, mai layi-layi da lambobi, mutum goma ka tara da ƙyar ɗaya ya gane ina ƙofa ina taga. Ka nemi ɗalibai biyu ko uku su yi maka samfurin unguwar da kwali da gam, kowane gida da lungunsa, a ɗora a tebur a bar mutane su taɓa. Za ka ga dattijo ya sunkuya ya sa yatsa ya ce ai nan rijiya ce da, nan kuma hanyar ruwa ce aka toshe da shago, abin da ba ya cikin taswirar kowa. Sannan ka bi gidaje ka roƙi tsofaffin hotuna, ka ɗauka da waya ka mayar wa masu su a take, ka je daidai wurin ka ɗauki na yau, a buga su a manna gefe da gefe. Rubutu a ƙasa layi biyu ya isa, da Hausa, in da hali a ƙara da ajami. Ka kawo tubali ɗaya, bulo ɗaya, guntun azara da ɗan makuba, a shanya tubalin da bulon a rana tun safe, da azahar kowa ya dafa ya ji da hannunsa.

In da sarari ka sa hoton cikin tsohon Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajajen 1830 da wani abu, bakan gizon nan da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginin da ke riƙe rufin, duk ƙasa da azara ne. Abin haushi yara da yawa a Sabon Gari ba su taɓa ganinsa ba, alhali har kwafinsa aka gina a gidan tarihi na Jos.

Gayyata kuma kar ka tsaya kan masu takarda. Magini na ƙasa, birkila, mai keke napep, mai shagon da ake zargi da toshe kwata, kansila, da wani daga ofishin tsara birni in zai zo. Mata a ware musu lokacinsu, misali da hantsi, da mace mai yi musu bayani, don su ne suka san inda hayaƙin madafa ke taruwa da inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida.

Ranar taron a hana dogon jawabi, kowa minti uku, kuma kar a fara da manya don in suka yi magana saura sai "haka ne ranka ya daɗe". Ka kafa allo da alli ko farar takarda da maka, wanda bai iya rubutu ba yaro ya rubuta masa. Za a yi musu, wani ma zai ce gidan ƙasa ai talauci ne kuma yaɓe duk shekara waye zai biya, ka bar shi ya faɗa, yana da gaskiyarsa.

Kafin magariba ka ɗauki hoton duk abin da aka rubuta, ka tace shi ya zama shafi ɗaya, kwafi ga mai unguwa, kwafi ga kansila, ɗaya a tura guruf ɗin WhatsApp na unguwa. Samfurin kwalin kuma a ajiye shi a zauren da ba ya yoyo, za a neme shi in aka zo maganar kwatar.